Ɗan Jirgin da Bai Iya Ruwa Ba

Litinin, 3 ga Satumba, da hantsi

Malama Okell ta ajin manya ce ta ce in dinga rubuta ko layi biyu ne kullum don hannu ya saba. Ta ce, "Misis Tolley, rubuta abin da ke ranki." Na ce mata abin da ke raina ba zai shiga layi biyu ba. Sai da na haura sittin na fara sanin baƙi, har yau alƙalami ya fi min sandar tuƙin jirgi nauyi.

To ga abin da ke raina. Wilf.

Ɗana ne, ya ba arba'in baya, tare muke zaune tun da kamfanin biskit ya sallame shi. Tun watan Afrilu ba shi da zance sai na Ƙofar Sallow, ƙofar ruwan da ke ƙarshen koramarmu, inda jirage suke sauka su shiga Kogi. Tun da aka daina dakon kwal ta ruwa aka bar ta ta ruɓe. Yanzu wasu 'yan tudu masu motoci, waɗanda ba mutanen jirgi ba, sun kafa ƙungiya wai za su tada ta, don su dinga yawon shan iska da jiragensu masu sabon fenti. Mu da aka haifa a cikin jirgi, muka tsufa a cikin jirgi, aka kwashe mu aka zuba a gidajen hukuma, ba wanda ya kafa mana ƙungiya. Dutse da laka ne suka samu masu tausaya musu.

Sun tare bakin ƙofar ta wajen Kogi da madatsa ta katako da yumɓu, suka zuƙe ruwan ciki da inji, suna aiki a ƙasan ramin. Sau biyu a yini ruwan teku yana hawowa Kogi ya jingina da katakon nan, sama da kawunansu. Sai ya janye. Shugabansu Mista Pargeter, tsohon likitan haƙori, ya yi wa Wilf alkawarin aikin tsaron ƙofar idan an gama, har da ɗan gidan da ke gefenta.

Ya fita tun da sassafe da bokitin tokata, yana fito. Rabon da in ji fitonsa tun muna kan ruwa.

Talata, 4 ga Satumba, da yamma

Madatsar tana yoyo. Kowace madatsa tana yoyo, ba abin kunya ba ne. Maganinta toka, yadda marigayi mijina Enoch yake yi, yadda ubana yake yi. A zuba tokar murhu ta gefen da ruwa ke turowa, ruwan da kansa zai ja ta ya cusa a tsagar katako ya toshe. Amma a korama daga kan ƙofa mutum yake tsayawa ya zuba. A nan sai an shiga ƙaramin kwalekwale ta wajen Kogi, daidai lokacin da ruwa ke hawowa da ƙarfinsa, mutum ya miƙe tsaye da doguwar sanda mai gwangwani a baki yana nutsa toka. Wa zai yi? Wilf. "Ai kai ne ɗan jirgi na asali," in ji su. Har hoto suke ɗaukarsa.

Wilf bai iya ruwa ba.

Na rubuta, na daɗe ina kallon layin. Ban taɓa faɗa da baki ba. Ba wani ɗan jirgi da na sani da ya iya ruwa. Ubansa bai iya ba, ni ban iya ba. Me za mu yi da shi? Korama ba ta wuce ƙirjin namiji ba. Idan ka faɗa sai ka miƙe tsaye ka taka zuwa gaɓa, a yi maka dariya, ka shanya wandonka a kan bututun hayaƙi. Ubana ma gani yake duk wanda ya iya ruwa sakaci zai yi da jirgi. Amma Kogi ba korama ba ne. Kogi ba shi da ƙasan da za ka taka.

'Yan tudu ba su sani ba. Suna zaton da jelar kifi aka haife mu.

Alhamis, 6 ga Satumba, bayan cin abincin yamma

Na bari sai da ya ci rabin dankalinsa.

"Na ga wata rigar ruwa mai launin lemo a rataye a rumfarku," na ce.

"Ta baƙi ce, Mama."

"Ban ga an rubuta suna a jikinta ba."

"Ta masu zuwa ranar Asabar ce, waɗanda ke jin jiri a kan gada. Kin taɓa ganin Baba da irinta?"

"Babanka bai taɓa tsayawa a kan Kogi da gwangwanin toka ba. Idan za mu shiga Kogi jirgi mai inji muke jira ya ɗaure mu ya ja, ku ina tura ku cikin ɗaki in rufe."

"Tun da aka haife ni nake kan ruwa. Sau nawa na faɗa?"

"Ba a bukatar sau da yawa."

Ya ture faranti. "In na sa rigar nan yau, gobe Pargeter zai tambayi dalili. Kuma hukumar Kogi ba ta ba wanda bai iya ruwa ba tsaron ƙofa. A rubuce yake, wai. Ke da kika zama malama, je ki karanta mana."

Na ce ni ba malama ba ce, uwarsa ce.

"To ki tsaya a nan," in ji shi. "Na yi shekaru ina cusa biskit a kwali. Wannan ne abu na farko da aka tambaye ni yadda ake yi. In kika buɗe baki, Mama…"

Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki hularsa.

Juma'a, 7 ga Satumba, da yamma

Ya dawo.

Asabar, 8 ga Satumba, da yamma

Ranar Asabar ni da Queenie muke dafa musu shayi a rumfa. Queenie ƙawata ce tun muna 'yan mata, jirginsu na bin namu. Ba don ƙungiyar nake zuwa ba. Daga tagar rumfar ana ganin kwalekwalen.

Mako guda suka yi suna kwashe laka da baro, jiya injin ya mutu, ruwan yoyo ya tashi a ramin ya dawo musu da ita kamar ba a taɓa ba. Da suka sake kwashewa suka tarar dutsen da ƙofofi za su zauna a kai ya tsage, gishiri ya cinye shi ta ƙasa. Sabbin ƙofofin ba su iso ba. Kuma hukumar Kogi ta ce da shigowar Oktoba sai an cire madatsar don ta tare hanya. Kafin nan kuwa akwai babbar cikar ruwan teku har biyu, ɗaya da wata ya cika, ɗaya da ya ɓuya. Ta biyun ita ce mafi girma a shekara.

"Ada, dubi wancan mai farin wando," in ji Queenie. "Haƙar laka ya zo ko ɗaurin aure?"

"Nigel ne. A banki yake aiki."

"Shi ya sa ya riƙe shebur kamar cokalin shayi. Kai, ɗan samari! Ɗaya bakin ake sawa a ƙasa!"

Nigel ya ɗago yana dariya, ya ɗaga mata hula. Ba mugun mutum ba ne. Ba ko ɗaya mugu a cikinsu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Mista Pargeter ya zo karɓar kofinsa ya ce, "Misis Tolley, ɗanki kadara ne. Ban san yadda za mu yi ba in babu shi."

Na ce, "Ni ma ban sani ba."

Ya yi dariya ya tafi da biskit biyu.

Queenie ta jira ya yi nisa. "Kina kallon kwalekwalen nan kamar mai jiran ya haihu. Na san abin da ke kanki, ki fitar da shi. Ba ma kai maganarmu tudu, Ada. Ba mu taɓa ba. Ko lokacin da aka zo da ɗan sanda a kan maganar…"

Na ce ta yi min shiru. Ta yi.

Lahadi, 9 ga Satumba, bayan coci

Uku na haifa. Doreen tana arewa da mijinta mai manyan motoci. Wilf yana nan. Na farin ba zan sa sunansa a littafin nan ba. Shi ne kalma ta farko da na roƙi Malama Okell ta koya min, na rubuta sau ɗaya a ranar, ban sake ba. A ƙofar ruwa ya faɗa, wata can daban. Bai kai tsayin da zai miƙe tsaye kansa ya fito ba.

Ban ji komai daga wa'azin yau ba.

Laraba, 12 ga Satumba, da yamma

Ya dawo. Ya ce tokar Misis Gell ta ƙarshen layi ba ta da kyau, tana ƙona takarda da ɓawon ƙwai. Tawa ce mai laushi. Ni nake tankaɗe masa ita da hannuna kowace safiya, in miƙa masa bokitin da zai kai shi kan Kogi.

Asabar, 15 ga Satumba, da rana

Babbar cika ta farko.

Na bar Queenie da butar shayi na fita kan bango. Ruwa ya hawo ja-ja-jir, ɗauke da rassan itace da wata matacciyar tunkiya. Wilf yana tsaye a kwalekwale, igiya ɗaya ta riƙe shi da madatsa. Ya iya aikin, ba zan hana shi wannan ba. Yana karanta ruwa da ido, ya nutsa gwangwani daidai inda ruwan ke tsotsa, sai ka ji masu aiki a ƙasan rami sun yi ihu, "Yoyo ya tsaya! Ya tsaya!"

Sai wani kututture ya zo ta bayansa. Na gan shi tun daga nesa. Ya daki kwalekwalen. Wilf ya faɗi a kan gwiwa ɗaya, hannunsa ya shiga ruwa har kafaɗa, sandar ta tafi. Ya tashi yana dariya, ya rusuna musu kamar mai wasa a dandali. Suka tafa masa. Nigel har da fito.

Da Wilf ya zo rumfa na miƙa masa shayi. Kofin yana ƙara a kan faranti, sai ya ajiye farantin ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya ga na gani.

"Sanyi ne," in ji shi.

Ta biyun ta fi wannan girma.

Lahadi, 16 ga Satumba, da safe

Ban je coci ba. Na goge murhu, na wanke labule da ba su yi datti ba.

Litinin, 17 ga Satumba, da yamma

Na sa hular coci na hau bas zuwa gari. Gidan Mista Pargeter yana kan tudu, da furanni a jere kamar an auna da igiya. Na zaga ina neman ƙofar baya, kamar yadda muka saba idan za mu roƙi ruwan sha, sai na tuna ba roƙon ruwa na zo ba. Na koma na buga ta gaba.

Matarsa ta kawo shayi a kofi mai bakin zinariya, wanda yatsana ba ya shiga mariƙinsa. Na faɗi abin da na je faɗa. Gajeriyar magana ce. Ya cire tabarau ya ce, "Amma ai ɗan jirgi ne." Na ce eh, shi ya sa.

Abu ɗaya na roƙe shi. Ya bi a hankali. Ya nemo wani dalili, ya ce ana bukatar Wilf wajen dutse, ko me. Kada ya ce daga ina ya ji. Ya dafa hannuna ya ce, "Ki bar min komai, Misis Tolley. Kin yi daidai."

Na dawo na soya wa Wilf hanta da albasa, abin da ya fi so. Ya ce, "Yau kuma bikin me ake?"

Laraba, 19 ga Satumba, da yamma

Ya dawo. Ba a ce masa komai ba. An gyara injin, ya sake mutuwa.

Juma'a, 21 ga Satumba, da yamma

Ya dawo. Ya je ya auna tagogin ɗan gidan da ke gefen ƙofar, ya ce in fara tunanin labule. Ɗakin da ke kallon korama shi ne nawa, wai, don in dinga zagin masu tuƙi ba tare da na sa takalmi ba.

Asabar, 22 ga Satumba, da yamma

A hankali, na ce masa. A hankali.

Lokacin shayi ne, rumfa cike, har da matan da ke zuwa kallo. Mista Pargeter ya buga cokali a jikin kofi. Rigar lemon nan tana rataye a hannunsa.

"Jama'a, minti ɗaya. Mu nan duk 'yan uwa ne, kuma abin da zan faɗa ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Labari ya iso min cewa abokinmu Wilfred bai taɓa samun damar koyon iyo ba."

Sai wani ya yi dariya, yana zaton wasa ne. "Wilf? Haba dai!"

"Ba laifinsa ba ne, yadda aka tashe su ne. Na yi magana da masu tafkin iyo na gari, akwai ajin 'yan koyo duk Talata. Kafin nan Nigel zai karɓi aikin toka, ya yi wa makarantarsu gasar iyo. Wilfred zai dinga nuna masa daga kan bango, da wannan a jikinsa. Maganar tsaron ƙofa kuma, kwamiti zai sake dubawa."

Wata mata ta ce, "Ayya."

Dariyar da sauƙi. Ayyan nan ce mai ciwo.

Wilf bai dubi kowa ba. Ya shanye shayinsa, ya kawo kofin ya ajiye a gabana a hankali kamar ƙwai, ya ce, "Na gode, Mama." Ya fita. Pargeter ya tsaya da riga a hannu, ya juyo ya yi min murmushi irin na wanda ya cire haƙori ba ciwo.

Queenie ta juya min baya har muka gama wanke kofuna.

Lahadi, 23 ga Satumba, da rana

Bai fito daga ɗaki ba. Abincin yana bakin ƙofa.

Litinin, 24 ga Satumba, da yamma

Queenie ta shigo ba sallama, ko mayafin kanta ba ta cire ba.

"Ɗanki ya zo ƙofata da safe. Ya ce bakina rariya ne, na sha na tona asirinsa a mashaya. A gaban mai madara ya faɗa."

"Me kika ce?"

"Na ce ya sauka min daga dakali kafin in watsa masa ruwan wanki, tunda bai iya ruwa ba." Ta zauna. "Na yi shiru, Ada. Ba don ke ba, don Enoch. Amma ba zan kai miki kayan nan kabari ba, bayana ya ishe ni da nawa."

Na ce kin ga kututturen nan da idonki.

"Na gani. Na kuma ga fuskarsa ranar Asabar. Wanne ya fi, ni ban sani ba. Ke da kike karatu sai ki gaya min."

Kowa da karatun nan. Ban san laifi ba ne sai yanzu.

Talata, 25 ga Satumba, da yamma

Ya fita da tawul a hammata. Ban tambaya ba, ban ko ɗaga kai daga ɗinkina ba.

Laraba, 26 ga Satumba, da safe

Misis Gell ta gan shi. Ya tsaya a ƙofar tafkin yana kallon iyaye mata suna shiga da yara riƙe da robar hurawa. Ya daɗe. Sannan ya tsallaka titi ya shiga mashaya. Tawul ɗin yana kan kujera a bushe, a naɗe yadda ya fita da shi.

Yau ya koma wurin aiki. Ya ce ƙofofi sun iso, kuma ba wanda ya san yadda ake zaunar da su. Ba ni ya gaya wa ba, hularsa ya gaya wa. Bai ɗauki bokitin ba. Nigel ne ya zo da mota ya karɓa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Misis Tolley."

Asabar, 29 ga Satumba, da yamma

Babbar cika ta biyu. Iska daga yamma tana tura ruwa, ya hawo har ya kusa taɓa bakin katakon sama. Madatsar tana kuka kamar tsohon gado. An fitar da kowa daga ramin.

Nigel yana kwalekwale da rigar lemo. Wilf yana kan bango, tasa rigar tana ƙasa kusa da ƙafarsa, bai sa ba, ba wanda ya yi ƙarfin halin ce masa ya sa.

"Ƙasa! Nutsa ta ƙasa! Ba gishiri kake barbaɗa wa miya ba!"

"Ba na ganin inda yake tsotsa!"

"Hagunka! Kada ka tsaya a gefe, koma tsakiya, kai! Tsakiya!"

Bai koma ba. Kwalekwalen ya karkata, Nigel ya tafi da kai. Ruwa ya ɗauke shi kamar ganye, na ga ɗigon lemo yana nisa, yana nisa. Na zauna a kan jiƙaƙƙen dutse. Can sai ga shi yana sara ruwa da hannuwa, yana karkatawa, har ya kama matakalar masunta a ƙasa da mu. Ya fito yana tari yana dariya. Aka lulluɓe shi da bargo, aka zuba masa barasa a shayi, aka ɗauke shi hoto. "Wanka na biyu a mako ɗaya," in ji shi, "uwata za ta yi murna."

Madatsar ba ta karye ba. Ba a toshe yoyon ba, ruwa ya kai rabin ramin, laka ta dawo. Sun ce za su nemi hukuma ta ƙara musu lokaci.

A hanyar gida ina bayan Wilf. Da na yi shiru. Na san da na yi shiru.

"Ka gani?" na ce.

Ya tsaya. "Na gani. Ya tsaya a gefe kamar saniya. Da ni ne ban faɗa ba."

"Da ka faɗa fa?"

"Ban faɗa ba, Mama. Ba kuma za mu taɓa sani ba, ko? Kin tabbatar da haka."

Na ce, Wilf.

"Na je na ba Queenie haƙuri tun jiya. Ki daina bar mata kayanki. Queenie ba ta san hanyar gidan ɗan tudu ba, ko da an zana mata. Ke ce kika koyi baƙinsu, kika koyi zama a kujerunsu. Na san ke ce tun da na tuna hanta da albasa, na dai fi son ya zama ita."

Ya wuce gaba. Bai yi sauri ba. Ni ce na kasa kamo shi.

Lahadi, 30 ga Satumba, da rana

Muna cin abinci tare. Ya ce miƙo gishiri. Na miƙa.

Alhamis, 4 ga Oktoba, da yamma

An kwashe lakar a karo na ban san nawa ba. An zaunar da ƙofofi, huɗu masu kallon korama da biyu masu kallon Kogi don tare cika. Wilf ne ya zaunar da su, daga ƙasan rami, inda ba ruwa. Misis Gell ta ce sun haɗu kamar leɓe, ko takarda ba ta shiga.

Ita ce kuma ta gaya min kwamiti ya zauna. An ba wani tsohon sojan ruwa tsaron ƙofar, abokin ƙanin matar Pargeter. Bai taɓa buɗe ƙofar korama ba, amma ya iya ruwa. Sun roƙi Wilf ya koya masa. Za kuma su sa sunan Wilf a jikin allon godiya.

Allo. Shi da bai iya karanta sunansa ba.

Asabar, 6 ga Oktoba, da rana

Ban je rumfa ba. Queenie ta je. Ta aiko min da ragowar biskit ta hannun Misis Gell, ba ta zo da kanta ba.

Na ji Wilf a akwatin tarho na bakin titi yana magana da Doreen. Mijinta yana neman mai lodi.

Litinin, 8 ga Oktoba, da hantsi

Ya sauko da jakar ubansa. Na riga na naɗe masa burodi da cuku a takarda, don na ji shi yana buɗe aljihun tebur tun gari bai gama wayewa ba.

"Garin Doreen babu ko korama," na ce.

"Sai hankalinki ya kwanta."

"Za ka zo Kirsimeti?"

"Sai yadda aiki ya yi."

Na tsaya a bakin ƙofa, ban tare ba, ban kuma kauce sosai ba. Na yi ta shirya abin da zan ce tun jiya, mai laushi, irin wanda zai sa ya ajiye jakar ko na minti ɗaya. Abin da ya fito daban.

"Ko yau aka dawo da ni, zan sake hawa bas ɗin nan, Wilf."

"Na sani, Mama," in ji shi. Ba faɗa a muryarsa, da ma da faɗa ne. "Shi ya sa zan tafi."

Ya karɓi burodin. Ya sunkuya ya taɓa goshina da baki kamar yadda ake yi wa tsohuwar da aka ziyarta a asibiti. Na bi shi da ido har kwana. Bai waiwayo ba, shi ba mai waiwaye ba ne tun yana ƙarami.

Yana da rai.

Na rubuta da manyan baƙaƙe don in gani da idona. Yana da rai, yana cikin bas, a kan busasshiyar ƙasa, kuma ni na yi wannan. Na karanta sau da yawa. Ina jira in ji daɗinsa.